Mai Rowar Iska

A unguwar Hausawa ta Inugu, a bakin titin Ogui, an yi wani mai faci ana ce masa Gwadabe. Sunansa ke nan tun daga gida, amma in baƙo ya sauka daga jirgi ya tambayi rumfar Gwadabe, sai an tsaya ana tunani. In ya ce Mai Rowar Iska kuwa, ko mai tallar goro ta san inda za ta nuna masa. Shekara da shekaru yana ɗauke da sunan nan, bai taɓa amsa shi ba, bai kuma taɓa daina jin zafinsa ba.

Mutumin Bichi ne. Yana saurayi ya sauko kudu tare da wani abokinsa Maikuɗi, a cikin taragon kaya, suna rakiyar buhunan wake na wani fatake. Tabarma ɗaya suke kwana a kai a wani zaure bayan kasuwar Ogbete, kwano ɗaya suke ci, in ɗaya ya wanke rigarsa sai ya ari ta ɗayan ya je masallaci. Da yaƙin duniya ya zo aka shiga ɗibar soja, Gwadabe ya tafi, Maikuɗi ya tsaya a kan wake da albasa. A soja aka tura Gwadabe sashen motoci, ya shekara huɗu ba abin da yake taɓawa sai tayoyi. Da aka sallame shi ya dawo Inugu da famfon hannu, da akwatin kayan faci, da wani siririn ƙarfe mai tsawon alƙalami da ake kira geji. In ka danna bakinsa a kan bawul ɗin taya, sai wani tsinke ya fito ta ƙarshensa ya nuna maka yawan iskar da ke ciki.

Abin da ya koyo ba shi da wani yawa, kuma ba ya ɓoye wa kowa. Kowace taya da awonta, gwargwadon motar da nauyin da aka ɗora mata. Da safe ake aunawa tana da sanyi, don in ta yi gudu ta ɗauki zafi iskar cikinta ƙaruwa take yi. In iska ta yi kaɗan, taya ta cinye ta gefe, ta yi ta zafi har ta yage. In ta yi yawa, mota ta riƙa tsalle a kan hanya, taya ta cinye ta tsakiya, ranar da ta haɗu da dutse da tsakar rana kuma ta fashe. Iyakarta ke nan. Mutum mai hankali zai ji wannan sau ɗaya ya riƙe.

To, amma Gwadabe cikin 'yan kasuwa ya kafa rumfa. Mutanenmu na Ogbete kuwa ba a gama ciniki da su sai an yi gyara. Ka sayi mudun gero, mai awo ya cika ya tsara, sannan ya ɗebo da hannu ya ƙara maka. Ka sayi albasa kashi uku, a jefa maka guda biyu a kai. Wanda ya auna daidai ya tsaya a nan, ko bai cuce ka ba, ba shi da kirki. Da wannan suka tashi, da shi suka zo gaban famfon Gwadabe.

Direba zai tsaya da lori, Gwadabe ya durƙusa ya auna, ya buga, ya sake aunawa, ya miƙe yana share gumi.

"Ta yi."

"Madalla. To, yi mini gyara."

"Ba a yi wa iska gyara. Ta kai awonta."

"Haba, Malam Gwadabe! Bugu uku fa kawai. Iskar Allah ce, ba ta gidanku ba."

Nan Gwadabe zai ɗauko bayani tun daga farko, yana nuna geji, yana zana taya a ƙasa da tsinke. Direba ya yi ta kallonsa kamar wanda ake karanta wa jaridar Turanci, ya biya kwabonsa ya tafi yana girgiza kai. Kafin la'asar labari ya zaga tasha: an samu mutumin da ke rowar abin da ko kaza tana sha kyauta.

Abin ya ƙara lalacewa da wani Nasidi ya kafa tasa rumfar a tsallaken titi, daidai saitin ta Gwadabe. Nasidi bai taɓa riƙe geji ba, bai ma ga amfaninsa ba. Sifana yake ɗauka ya ƙwanƙwasa taya, in ta yi ƙara irin ta ganga ya ce ta ƙoshi. Amma wajen gyara ba a kai shi ba. Yana bugawa yana ƙirgawa da ƙarfi yadda za a ji a tsallake: wannan na zumunci ne, wannan na Hajiya, wannan na yara, wannan kuma don ka dawo gobe. Direba ya tafi yana washe baki da taya tauri kamar dutse. Bayan wata biyu ta fashe a hanyar Makurɗi, a ce tsautsayi ne, a dawo wajen Nasidi ya yi faci, ya ƙara gyara. Tayoyin da Gwadabe ya auna kuwa su yi shekara ba abin da ya same su, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya gode wa mutum don tayarsa ba ta fashe ba.

Ba yunwa yake ji ba. Akawuna da malaman makaranta 'yan ƙasa, da direbobin ma'aikatar kwal, wajensa suke zuwa. Su iyakarsu su leƙa su ce, "Malam, hawa mos i rid?" wato nawa ya nuna. Ya faɗa musu, su biya, su wuce. Amma ba da su yake sallah ba, ba su ne za su zo sunan 'ya'yansa ba. Abin da ke cin ransa shi ne nasa mutanen, waɗanda yake tsayawa sahu ɗaya da su, sun ɗauke shi marowaci. In an fito masallaci ana zafi wani ya ce, "Ku yi fifita a hankali, ga mai iskar nan, kada ya ce mun ɗiba da yawa." A kwashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe, ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Matarsa Tabawa, wadda ke suyar waina a ƙofar gida, ta gaji da ganinsa haka.

"Malam, ni ban ga abin wahala ba. Ni ma in na sayar da waina goma ina ɗora ɗaya. Ka ba su abin da suke so mana."

"Wainarki tana kashe mutum in ta yi yawa?"

"To ka yi musu dabara. Ka buga, in sun kau da kai ka rage."

Ya ce Allah ya kiyaye. Amma maganar ta zauna masa, bayan mako guda ya gwada. Wani direban lorin shanu ya nemi gyara, Gwadabe ya danne zuciyarsa ya buga uku. Mutumin har da sa masa albarka. Da Gwadabe ya sunkuya kamar zai ɗaura murfin bawul, sai ya sa farce ya danna tsinken. Taya ta yi fiii, ƙarar da ko kurma sai ya waiwayo. Direban ya tara masa jama'a, yana rantsuwa da idonsa ya ga mai faci ya ba da iska ya sace abarsa. Wata guda cur ana ce masa Ɓarawon Iska kafin a koma tsohon sunan. Kwana uku bai yi wa Tabawa magana ba.

Duk tsawon shekarun nan Maikuɗi yana ta gaba. Daga kashin wake ya koma buhu, daga buhu ya koma tarago, ya je Makka ya dawo Alhaji, ya gina gidan kwano a unguwa. Amma bai yar da Gwadabe ba. Duk Juma'a bayan an sauko yakan tsaya a rumfa ya zauna a kan tsohuwar taya da babbar rigarsa, su raba goro su yi hirar Bichi. Shi kaɗai ne bai taɓa kiransa da sunan nan ba. Gwadabe yakan ce wa Tabawa, duk garin nan mutum ɗaya ne ya san shi ba marowaci ba ne, kuma ya ishe shi. Bai lura ba cewa Alhaji ba shi da mota a lokacin.

Shekarar da aka samu mulkin kai Alhaji ya sayi baƙar mota daga hannun wani Bature mai komawa gida. Tafiyarta ta farko ita ce Anacha, wajen sunan jikan wani attajiri. Da hantsi ta tsaya a gaban rumfar Gwadabe, direba a gaba, Alhaji da liman da wasu dattawa biyu a ciki, bayanta cike da buhun shinkafa da huhun goro. Mutane suka taru kallo. Gwadabe ya ji daɗi har cikin ransa. Ga Nasidi can da hayaniyarsa, amma wajensa aka zo. Ya goge geji da bakin rigarsa, ya bi tayoyi huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara wa na baya kaɗan saboda kaya, ya duba har safaya.

"Alhaji, sun yi. Allah ya kai ku lafiya."

Alhaji ya leƙo ta taga yana murmushi, ya ɗaga murya don jama'a su ji. "To, ku zo ku gani, yau zan wanke abokina. Gwadabe, yi mini gyara."

Gwadabe ya gane nufinsa sarai. Alheri mutumin yake so ya yi masa, ya buɗe masa ƙofa ya fita daga sunan nan a gaban kowa. Bugu uku kawai. Ya dubi tayoyin, tsofaffi ne da Baturen ya gama cinyewa, ya dubi kayan da ke baya, ya dubi rana.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Sun kai awonsu."

"Har ni?"

"Kai ne ma ba zan yi wa ba."

Murmushin Alhaji ya ɗauke. Wani a cikin taron ya ce, "Ai mun faɗa maka, Alhaji." Alhaji ya yi wa direba nuni da hannu, mota ta tsallaka titi ta tsaya a gaban Nasidi. Nasidi kuwa ya samu abin da yake nema. Ya cire riga ya hau famfo yana kirari, na Alhaji, na liman, na mulkin kai, na sabuwar tuta. Gwadabe yana tsaye yana ƙirgawa a zuci. Da aka wuce bugu ashirin a taya ɗaya sai haƙurinsa ya ƙare, ya fito tsakiyar titi yana ɗaga geji sama.

"Alhaji! Wallahi tayar nan ba za ta kai ku Anacha ba!"

Kowa ya ji. Liman ya ce subhanallahi. Mota ta tashi.

Ba ta kai ba ɗin. Da azahar, bayan sun wuce kogin Oji, tayar baya ta hau wani dutse ta fashe, mota ta ƙwace ta faɗa kwari. Allah ya taƙaita, ba wanda ya rasu. Alhaji ya karye a hannu, liman ya fasa goshi, goro ya watse a daji.

Da labari ya iso Gwadabe ya zauna daɓas. Ya yi ta hamdala da ba a rasa rai ba. Amma gaskiya ita ce, can ƙasan zuciyarsa akwai wani abu mai kama da sauƙi. Yau dai sun gani da idonsu. Yau za su ce ashe mutumin nan ba rowa yake yi ba. Washegari ya sa wankakkiyar riga ya tafi dubiya.

Zauren Alhaji cike yake da mutane ana ta surutu. Ya yi sallama. Aka amsa a ciki-ciki, na kusa da ƙofa suka janye ƙafafunsu, wani dattijo ya shiga motsa baki yana tofawa a ƙirjinsa. Alhaji yana kishingiɗe da hannu a ɗaure, ya amsa gaisuwa bai ɗago ido ba. Sai da Gwadabe ya koma gida Tabawa ta faɗa masa abin da mata ke cewa a bakin famfon ruwa. Ba wanda ya ambaci Nasidi, ba wanda ya ambaci bugu ashirin. Cewa ake yi Gwadabe ya yi wa motar baki. Ya faɗa a gaban shaidu, ya haɗa da rantsuwa, kuma ta faru.

"Baki?" in ji shi. "Ni? In na ce tulun da ya tsage zai zubar da ruwa, ni na tsaga shi?"

"Ni ka tambaya, Malam? Je ka faɗa musu."

Ya faɗa musu. Ya faɗa a tasha, ya faɗa a ƙofar masallaci, har wajen liman ya je da gejinsa a hannu. Liman ya saurare shi da kyau, ya ce duk ya ji, amma dai mutum ya riƙa kiyaye harshensa. Gwadabe ya fito kamar ya haɗiye zuciya.

Daga nan kasuwa ta buɗe masa, irin buɗewar da ba ya so. Direbobin da suka shekara goma suna wuce shi suka dawo layi. Ba mai neman gyara. Ya ce ta yi, su ce to, su ajiye kuɗi a kan benci maimakon su miƙa masa a hannu, su shiga mota da sauri kafin ya ƙara wata magana. In ya fara bayanin awon safe, sai mutum ya ce, "Na yarda, Malam, na yarda, Allah ya huci zuciyarka." Nasidi ya ga ba ciniki ya tattara ya koma Fatakwal. A ƙofar masallaci aka daina tsokanarsa. Wa zai gaya masa a da cewa wata rana zai yi kewar tsokanar nan? Juma'a ta zo ta wuce, tsohuwar tayar da Alhaji ke zama a kai ba kowa.

Haka aka shekara biyu. Wata safiya, rana ba ta gama fitowa ba, baƙar motar ta tsaya a gaban rumfa. An gyara ta tsaf, an ɗaure akwatuna a samanta. A baya ga Hajiya Zuliha, uwargidan Alhaji, da 'ya'yansu mata uku. Kano za su, ganin gida. Alhaji ya fito da kansa, ya yi sallama, suka gaisa doguwar gaisuwa irin ta da, har ya tambayi Tabawa. Zuciyar Gwadabe ta yi sanyi. Sannan Alhaji ya matso ya rage murya.

"Gwadabe, hanya da nisa, ga iyali. Kowa ya ce awonka ba ya ƙarya. Ka auna mini yadda ka ga dama, ba na neman gyara. Abu ɗaya na roƙe ka don zaman da muka yi: kada ka ce komai. Ka auna kawai, mu rabu lafiya. In na dawo sai mu zauna."

Maganar ta soke shi, amma ya ji ƙarshenta. In na dawo sai mu zauna. Ya gyaɗa kai, ya durƙusa.

Ta gaba ta dama daidai. Ta hagu ta rage kaɗan, ya cika. Ta baya ta dama daidai. Da ya zo ta huɗu ya auna, ita ma awonta bai da laifi. Sai dai ya saba ba ya tashi sai ya zura hannu ya shafa bayan taya, ɓangaren da ke fuskantar ƙarƙashin mota inda ido ba ya gani. Nan yatsunsa suka ci karo da wani kumburi kamar ƙwan agwagwa. Zaren cikin tayar ya tsinke, iska ta turo roba waje. Irin wannan ba ya jin faci, ba ya jin rage iska, jira kawai yake a yi nisa rana ta take.

Ya daɗe a durƙushe. Ya sani in ya yi shiru ba mai kama shi da laifi, shi aka ce ya yi shiru. Ya miƙe ya kamo hannun rigar Alhaji yana nuna masa ƙarƙashin mota da yatsa, ko zai sunkuya ya gani da kansa. Alhaji ya janye hannunsa ya kau da kai.

"Na ce ba na son sanin komai. An gama?"

Ƙaramar 'yar tana leƙe ta taga tana cin gyaɗa. Gwadabe ya dube ta, ya ji wani takaici ya taso masa tun daga ciki, na shekara goma sha shida yana faɗar abu ɗaya ga mutanen da ba sa ji.

"Maikuɗi," ya ce, sunan da bai kira ba tun kafin a je Makka, "tayar nan ta kumbura ta ciki. In ka hau hanya da ita, fashewa za ta yi da 'ya'yanka a ciki."

Hajiya Zuliha ta saki salati ta rungume yaran. Alhaji ya ja da baya, idanunsa suka kawo ruwa.

"Me na yi maka, Gwadabe? Na roƙe ka. Na roƙe ka, sai da ka sake?"

"Sunkuya ka taɓa da hannunka!"

Bai sunkuya ba. Amma bai kuma yarda ya hau tayar da aka riga aka yi wa baki ba. Ya tura direba kanti aka sayo sabuwa, ya sa direban ya ɗaura da kansa. Gwadabe ya auna ta, ba wanda ya hana shi, ba wanda ya dube shi. Suka tafi ba sallama. Tsohuwar tayar aka bar ta a bakin titi da kumburinta a fili, Gwadabe ya jingine ta a gaban rumfa kwana bakwai don masu wucewa su gani. Mutane suka riƙa tsallaka titi don kada su bi ta kusa da ita.

Bayan wata guda Alhaji ya dawo da iyalinsa lafiya lau. Bai zo rumfa ba. Ranar Juma'a ya yanka rago, aka dafa shinkafa aka raba gida-gida, sadakar godiya ga Allah da ya tsare shi da 'ya'yansa daga bakin da aka yi musu. Kowa a unguwa ya san bakin wa ake nufi. Da yake sadaka ba a tsallake gida, maƙwabciyarsu Sakinatu ta shigo da kwano ta ajiye a tsakar gida, ta fita tana sunkuyar da kai.

Tabawa ta tsaya a kan kwanon tana huci.

"Malam, wannan cin fuska ne. Bari in mayar musu da abinsu."

Gwadabe ya buɗe kwanon. Shinkafa ce da mai, ga tsoka uku a sama.

"Yaran duka sun dawo?"

"Duka. Na ga ƙaramar jiya tana wasa a ƙofar gida."

Ya jawo buta ya wanke hannu, ya gyara zama.

"Bar shi. Bakin nan ne ya dawo da su, shi zai ci."